Matakai Iri Uku a Tsanin Sauti

Jawabin da aka gabatar a zaman ƙara wa juna sani na malaman lissafi da na fasaha na wannan reshe



Duk wanda ya taɓa koyar da lissafin kaso a ƙaramar sakandare ya san inda yara suke cijewa. Rabi da sulusi da rubu'i ba su da wuya, domin ana yanka lemo a gabansu su gani. Tara rabi da rubu'i ma da sauƙi. Amma ranar da aka ce su ninka tara bisa takwas da goma bisa tara, to lemo ya ƙare, sai haddar ƙa'ida: na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa. Yaro ya haddace, ya ci jarrabawa ko ya faɗi, ya bar makaranta bai taɓa cin karo da wani abu a duniya wanda ake ninka kaso da kaso a cikinsa ba. Abin da muke so mu nuna a yau shi ne akwai irin wannan abu, da kunne ake jin sa, kuma kayan aikinsa ba su wuce katako ɗaya da ƙusa biyu da waya da rula ba. Daga nan za mu bi shi har inda ya kai masana lissafi na zamaninmu, domin ya kai su nesa.

A kafa ƙusoshin a kan katakon, a ɗaure siririyar waya a tsakaninsu ta yi tauri, tsawonta santimita 90. A nemi ɗan guntun itace da za a riƙa turawa a ƙarƙashinta, irin wanda makaɗan garaya da goge suke kira jaki. In aka taɓa wayar gaba ɗayanta, za ta ba da sauti. In aka kai jaki tsakiya, aka taɓa santimita 45 kawai, za ta ba da sautin nan dai, sai dai ya yi sama, kamar yadda yaro da babansa suke rera abu guda, muryar ɗaya siririya, ta ɗaya mai kauri. Dalili shi ne rabin waya yana kaɗawa sau biyu a lokacin da cikakkiya take kaɗawa sau ɗaya. Wannan tazara ta 2 bisa 1 za mu kira ta ninki. In aka sa jaki a santimita 60, wato sulusi biyu na wayar, kaɗawar ta zama 3 bisa 2, kuma babu tazarar da kunne ya fi amincewa da ita bayan ninki. Wanda ya saurari kakaki a ƙofar fada ya san ta, domin sautuka biyun da mabushi ya fi fitarwa kusan tazararsu ke nan.

Yanzu ga inda ninkawa ta shigo. Daga 90 zuwa 60 an hau da 3 bisa 2. Daga 60 zuwa 45 an hau da 4 bisa 3. Hawa biyun a haɗe sun kai mu ninki, kuma 3 bisa 2 sau 4 bisa 3 daidai yake da 2. In yaro ya tara su maimakon ya ninka, zai sami 17 bisa 6, wayar kuwa za ta ƙaryata shi a gaban aji. Tazarar sauti ninka ta ake yi, kuma wannan kaɗai ya isa darasin mako guda.

Saboda ninkawa tana da wahalar kwatantawa da ido, wani masani ɗan Ingila, Alexander Ellis, ya raba ninki gida 1200 daidai wa daida a shekarun 1880, kowane gida ana ce masa senti. A wannan ma'auni tarawa ake yi: 3 bisa 2 senti 702 ne, 4 bisa 3 senti 498 ne, jimla 1200. Malaman babbar sakandare sun riga sun gane cewa logaridim ne ya sake riga. Za mu riƙa amfani da senti a matsayin rula kawai, muna ɗaukar cikakkiyar lamba mafi kusa.

Tsanin sauti shi ne jerin sautukan da aka zaɓa tsakanin sauti da ninkinsa, kamar do, re, mi, fa, so, la, ti da ake koya wa yaranmu a darasin al'adu da fasaha. Mataki kuwa shi ne tazarar da ke tsakanin sauti da maƙwabcinsa. Littattafan da ke hannunmu suna cewa matakan iri biyu ne, cikakke da rabi, biyar na farko, biyu na biyu. Wannan magana tana da asali. Hanyar da ake jingina wa Fitagoras na Girka ita ce a riƙa hawa da 3 bisa 2 sau da sau, duk lokacin da aka wuce ninki a raba biyu a dawo ciki. In aka tsaya a sautuka bakwai, za a sami matakai biyar masu girman 9 bisa 8, senti 204, da biyu masu girman 256 bisa 243, senti 90. Iri biyu, babu na uku.

To amma me ya sa bakwai? A gwada tsayawa a shida. Za a sami matakai huɗu na 204, ɗaya na 294, ɗaya na 90. Iri uku ke nan, kuma a lura: 204 da 90 in an tara su 294 ne. A gwada huɗu: 204, 498, 204, 294. Iri uku kuma, kuma 204 da 294 sun ba da 498. A gwada biyar, sai a koma iri biyu, 204 da 294. Ko sautuka nawa aka tara ta wannan hanya, ko ɗari ne ko dubu, ba za a taɓa ganin iri huɗu ba, kuma duk inda aka ga uku, babban jimlar sauran biyun ne.

Wannan tabbatacciyar ƙa'ida ce a ilmin lissafi, ana ce mata ƙa'idar giɓi uku. Hugo Steinhaus na ƙasar Polan ne ya fara hasashenta, sannan a ƙarshen shekarun 1950 masana uku suka kafa mata hujja, kowa ta hanyarsa: Vera Sós da János Surányi na Hangari, da Stanisław Świerczkowski na Polan. Ita Vera Sós ba ta cika shekara talatin ba a lokacin, kuma ya kamata 'yan matan ajinmu su ji wannan daga bakinmu. Ƙa'idar ba ta ambaci kiɗa ba sam. Cewa ta yi: a zana da'ira, a riƙa zagaya ta da taku mai tsawo ɗaya, ana yin alama duk inda ƙafa ta sauka, giɓin da ke tsakanin alamomin ba zai wuce iri uku ba. Ana iya nuna ta da agogon bango. A fara daga sha biyu, a riƙa tsallake minti 23: alamomi za su faɗa a 0, 23, 46, 9, 32, 55. Da alamomi huɗu na farko giɓin 9, 14, 23, 14 ne. Da biyar ya zama 9, 14, 9, 14, 14. Da shida ya zama 9, 14, 9, 14, 9, 5. Yaro mai lura zai ga sirrin da kansa: kowace sabuwar alama cikin babban giɓi take faɗawa, ta yanki girman da aka riga aka sani, ta bar saura. Haka za ta yi ta bin manyan giɓi ɗaya bayan ɗaya har su ƙare, a lokacin ne ake komawa iri biyu, sannan a sake sabon zagaye.

Ga tazarar 3 bisa 2, wuraren da ake komawa iri biyu su ne 2, 3, 5, 7, 12, 17, 29, 41, 53, da abin da ya yi gaba. A dubi waɗannan lambobi da kyau. Biyar shi ne tsanin da ya yawaita a kiɗan ƙasar Sin da na sassa da dama na Afirka, har da namu. Bakwai shi ne do-re-mi. Sha biyu shi ne yawan maɓallan fiyano, farare da baƙaƙe, a cikin ninki guda. Sha bakwai kuwa shi ne rabon da Safiyuddin al-Urmawi ya yi a Bagadaza a ƙarni na 13 cikin Kitabul Adwar: matakai sha biyu na senti 90 da biyar na senti 23 da ɗoriya. Kafin shi Alfarabi, wanda ya rasu wajen shekarar 950, ya riga ya auna wuraren ɗora yatsa a wuyan udu da lissafin kaso a babban littafinsa na ilmin sauti. Mutanen da ba su ga juna ba sun yi ta tsayawa a tashoshi guda, domin lissafin ne ya kafa tashoshin.

Iri ukun da muka gani zuwa yanzu na kan hanya ne, wato tsani ne da bai kai tasha ba. Akwai wani iri uku dabam, kuma shi ne zuciyar wannan jawabi.

A koma kan katako. Mi na Fitagoras 81 bisa 64 ne, wanda yake faɗawa a santimita 71 da ɗigo 1. A taɓa shi tare da do, a kan waya ta biyu da aka ɗaure daidai da ta farko, za a ji wata 'yar rawa a cikin sautin, kamar biyun suna gardama. A matsar da jaki zuwa 72, abin da bai kai santimita ɗaya ba, sai gardamar ta kwanta. A nan kaɗawar 5 bisa 4 ce, senti 386. Kunne ya fi son ƙananan lambobi. Batlamus na Iskandariyya, wanda Turawa suke kira Tolemi, ya rubuta tsani mai irin wannan mi a ƙarni na 2, kuma Zarlino na Italiya ya ɗaukaka shi a littafinsa na 1558. A kan wayarmu ga inda sautukansa suke: 90, 80, 72, 67 da rabi, 60, 54, 48, 45. A ba yara su raba kowace lamba da mai bi mata. 90 bisa 80 ya ba da 9 bisa 8. 80 bisa 72 ya ba da 10 bisa 9. 72 bisa 67 da rabi ya ba da 16 bisa 15. In sun gama za su tarar da 9 bisa 8 sau uku, 10 bisa 9 sau biyu, 16 bisa 15 sau biyu. Ashe cikakken matakin da littafi ya ce ɗaya ne, biyu ne: babba mai senti 204 da matsakaici mai 182, ga kuma ƙarami mai 112. In suka ninka bakwai ɗin duka, suka soke abin da yake sokuwa, abin da zai rage 2 ne cif. Ba mu san wani aikin soke kaso da ya fi wannan daɗin yi a allo ba.

A nan ƙa'idar giɓi uku ta yi mana wani amfani da ba a zata ba. Ta ce in tazara ɗaya ce ta haifi tsani, babban mataki jimlar sauran biyu ne. To 182 da 112 sun ba da 294, ba 204 ba. Saboda haka babu wata tazara guda a duniya, kowace ce, da za a yi ta maimaitawa ta haifi tsanin Batlamus. Iyaye biyu gare shi, lamba 3 da lamba 5, kuma ba yadda za a yi a sami 5 ta hanyar ninka 2 da 3, domin kowaccensu ba ta rabuwa sai da ɗaya da kanta. Hujja ce cikakkiya, layi biyu, wadda ɗalibin aji uku zai iya bi.

Mai sauraro zai iya cewa: to, an sami daɗin kunne, an rasa tsari. Mu ma da haka za mu ce, in da ba a duba jerin ba. Mu sa wa matakan haruffa, B ga babba, M ga matsakaici, Ƙ ga ƙarami. Tsanin ya zama B M Ƙ B M B Ƙ, kuma a tuna da'ira ce, ƙarshe yana komawa farko. A tsanin Fitagoras akwai wata sifa da John Clough da Gerald Myerson suka bayyana a 1985, suka sa mata sunan masanin lissafi John Myhill: in ka tsallake matakai biyu daga kowane sauti, girma iri biyu kawai za ka samu, in uku ka tsallake, iri biyu, haka har shida. Mu gwada wannan a kan jerinmu. Matakai bibbiyu: B da M, ko M da Ƙ, ko B da Ƙ, wato 386, 294, 316. Iri uku. Matakai uku-uku: ko dai B da M da Ƙ, ko B biyu da M, ko B biyu da Ƙ, wato 498, 590, 520. Iri uku. Huɗu da biyar da shida cikon waɗannan ne zuwa 1200, don haka su ma uku-uku ne. Ko ta ina aka yanka shi uku yake bayarwa, ba ya ragi, ba ya ƙari.

Kada a ɗauka kowane jeri mai haruffa uku haka yake. A ɗaga la kaɗan, daga 5 bisa 3 zuwa 27 bisa 16, jerin ya koma B M Ƙ B B M Ƙ. Haruffan nan ne dai, yawansu bai canja ba, amma yanzu matakai bibbiyu iri huɗu ne, domin B biyu sun zauna kusa da juna. Abin da zai ba ku mamaki shi ne duka jerin biyu suna cikin tsohon littafin Indiya na Natyashastra, wanda ake jingina wa Bharata. A can an raba ninki gida 22, ana ce wa kowane gida shuruti, an kuma ba da tsani biyu na asali. Ɗaya 4, 3, 2, 4, 4, 3, 2. Ɗayan 4, 3, 2, 4, 3, 4, 2. Na biyun nan, harafi da harafi, shi ne B M Ƙ B M B Ƙ na Iskandariyya. Bambancin tsanin biyu shuruti ɗaya ne da aka ɗauke daga wani mataki aka ba maƙwabcinsa.

Mene ne ya ba wannan jeri sifarsa? David Clampitt na Amurka, wanda shi da Norman Carey suka yi nazarin daidaitattun tsanuka masu mataki iri biyu a 1989, ya amsa wannan a binciken digirinsa na uku a 1997. Dabararsa mai sauƙi ce: a rufe ido ga bambancin haruffa biyu, a ɗauke su ɗaya, a ga abin da ya rage. In aka haɗe B da M, sai a sami dogo, dogo, gajere, dogo, dogo, dogo, gajere, wato do-re-mi na littafi. In aka haɗe M da Ƙ, sai B uku su watsu a cikin bakwai iyakar yadda uku za su iya watsuwa. In aka haɗe B da Ƙ, sai M biyu su yi nesa da juna iyakar iyawa. Ta kowace fuska uku aka duba, daidaitaccen tsani mai iri biyu ake gani. Clampitt ya nuna cewa duk tsanin da ya cika wannan sharaɗi yawan sautukansa mara ne, ba cika ba, wato biyar ko bakwai ko tara, ba shida ko takwas ba, kuma haruffa biyu daga cikin ukun yawansu ɗaya ne. Hanyar ƙera shi ma a fili take. A ɗauki daidaitaccen jeri mai iri biyu, a bar harafi ɗaya yadda yake, guraben ɗayan kuwa a cike su da M da Ƙ bisa karɓa-karɓa. B, gurbi, gurbi, B, gurbi, B, gurbi ya zama B M Ƙ B M B Ƙ. 'Yan firamare za su iya jera wannan da duwatsun ado kala uku a zare, ba tare da an ambaci senti ba.

Mai sautuka biyar ma yana nan. A cire fa da ti daga wayarmu, a bar 90, 80, 72, 60, 54, 45: matakan 204, 182, 316, 182, 316 ne, ɗaya da biyu da biyu. A ƙasar Jafan akwai tsanin da ake ce wa In, wanda a maɓallan fiyano matakansa 1, 4, 2, 1, 4 ne. A kunne ba su yi kama ba ko kaɗan, amma ƙirarsu ɗaya.

Ƙa'idar Clampitt tana da togaciya guda ɗaya tak, kuma togaciyar ta fi ƙa'idar ban sha'awa. Akwai jeri ɗaya mai sautuka bakwai da ya cika sharaɗin ba tare da haruffa biyu sun yi daidai ba: huɗu, biyu, ɗaya. A maɓallan fiyano shi ne 1, 3, 1, 2, 1, 3, 1. Larabawa suna kiran sa Hijazkar. A arewacin Indiya shi ne tsanin Bhairav, a kudancinta kuwa Mayamalavagowla, wanda da shi ake fara koya wa yara rera sauti. Duk wanda ya tashi da finafinan Indiya, mu kuwa a nan ba baƙinsu ba ne, kunnensa ya san wannan launi ko bai san sunansa ba. A ɗauko rula ta inci a dubi layuka bakwai da ke tsakanin inci da inci: gajere, matsakaici, gajere, dogo, gajere, matsakaici, gajere. Zubin jerin ke nan, abu ɗaya a kowane gurbi na biyu, wani a tsakiya, na uku a gefe da gefe. Haka kuma wasan nan na hasumiyar Hanoi, wanda Édouard Lucas na Faransa ya fitar a 1883: in faifai uku ne, motsi bakwai ake yi, kuma ƙaramin faifai ne yake motsawa a na ɗaya da na uku da na biyar da na bakwai. Rula da wasan yara da waƙar Indiya sun haɗu a jeri guda, kuma rular tana cikin jakar kowane ɗalibi.

Sai dai mataki na uku yana da farashi, kuma ba daidai ba ne mu ɓoye wa yara shi. A tsanin Batlamus, daga re zuwa la ya kamata a sami 3 bisa 2. A raba 80 da 54: 40 bisa 27 ne, senti 680 maimakon 702. Kunne yana jin wannan giɓi sarai, har makaɗan Turai suka yi wa irin wannan tazara laƙabi da kyarkeci saboda kukanta. In aka ɗaga la don a gyara, kamar yadda muka yi ɗazu, sai ɓarakar ta koma tsakanin la da mi na sama, 40 bisa 27 ɗin nan dai. An gudu ba a tsira ba. Saɓanin 81 bisa 80 ne, senti 22 ba kaɗan, kuma shi ne ainihin bambancin B da M. Ba rashin gwanintar maƙeri ba ne. Hawa huɗu na 3 bisa 2 suna ba da 81 bisa 16, abin da ake nema kuwa 80 bisa 16 ne, kuma 81 ba za ta taɓa zama 80 ba. Irin wannan ne ya hana hawa sha biyu rufe da'ira: 3 sau kanta sau sha biyu 531441 ne, 2 sau kanta sau sha tara 524288 ne, ɗaya mara, ɗaya cika.

Masu ɗaura kayan kiɗa a Turai tun ƙarni na 16 sun yi sulhu: suka rage wa kowace 3 bisa 2 kimanin senti biyar, sai B da M suka haɗu a 193, iri uku ya koma biyu. Wannan shi ne haɗe haruffan da Clampitt ya yi a takarda, su sun yi shi da hannu shekaru ɗaruruwa kafin shi. Daga baya aka yi sulhun da ya fi wannan tsanani, aka raba ninki gida sha biyu daidai, kowanne senti 100. Wani ɗan sarauta a ƙasar Sin, Zhu Zaiyu, ya fitar da lissafinsa a 1584. Shi ne ke cikin kowace fiyano da ake kaɗawa a ɗakunan ɗaukar waƙa na Kano a yau. A cikinta so 700 ne, kusa ƙwarai da 702, amma mi 400 ne, ya haura 386 da senti 14.

A ganinmu nan ne maganar ta shafe mu kai tsaye. Yaron da aka koya wa cewa cikakke da rabi su ne dokar sauti, kuma duk waƙar da yake ji a waya da fiyano aka yi ta, zai saurari mai goge ko mai algaita ya ce bai daidaita ba. Alhali fiyanon ita ce aka tanƙwara don sauƙin aiki, tsirkiyar goge kuwa ba ta da maɓalli, inda kunne ya kai yatsa nan yake sauka. Ellis ɗin nan da ya ƙirƙiro senti, bayan ya auna kayan kiɗan al'ummomi da dama, abin da ya kammala da shi a 1885 shi ne tsanin sauti ba guda ɗaya ba ne a duniya, iri-iri ne, kuma mutane ne suke zaɓa. Makaman Larabawa shaida ne: Bayati, in aka auna shi da rubu'in mataki, 3, 3, 4, 4, 2, 4, 4 ne, iri uku, kuma mai girman 3 ba shi da maɓalli a fiyano ta yau da kullum. Wayoyin hannu na yanzu suna ɗaukar manhajar da take nuna senti. Ɗaliban babbar sakandare za su iya zama da mai gurmi ko mai kukuma na unguwarsu, da izininsa da kuma ladabi, su auna sautukansa, su fitar da matakansa, su ƙirga iri nawa ne. Aikin bincike ne na gaske, kuma abin da suka samo nasu ne.

Mun san a cikinmu da cikin iyayen yara akwai masu ƙyamar kiɗa saboda addini, kuma ba mu zo nan don mu yi fatawa ba, wannan fagen malamansa ne. Abin da muke kawowa aji waya ce da rula da allo. Wanda ya ga dama ya tsaya a agogon bango da duwatsun ado da layukan inci, lissafin bai ragu da komai ba. Shawararmu ga shugabannin makarantu ita ce a bar malamin lissafi da na fasaha su haɗa darasi ɗaya ko biyu a zango, kuma a sanar da iyaye tun da wuri abin da za a yi. Ga wanda zai haɗa katakon, wayar birkin keke in an warware silinta tana aiki, kuma in aka ɗora katakon a kan tebur ko akwati mara komai a ciki sautin zai kai bayan aji. A auna daga inda wayar ta bar ƙusa, kada jaki ya ɗaga ta da yawa, domin ɗagawa tana ƙara mata tauri ta ɓata lissafin.

Za mu bar muku aiki guda. Akwai wani tsani da Turawa suke yawan amfani da shi, matakansa a fiyano 2, 1, 2, 2, 1, 3, 1. Iri uku ne, sautukansa bakwai, yawan matakan uku da uku da ɗaya, wato a ido ya cika duk abin da Clampitt ya faɗa. A jera shi a da'ira, a tara matakai bibbiyu daga kowane sauti, sannan uku-uku, a ƙirga girma iri nawa ake samu a kowanne, sannan a haɗe haruffa biyu-biyu a ga ko abin da ya rage daidaitacce ne. Wanda ya gama, shi ko ɗalibansa ko 'ya'yansa a gida, ya miƙa wa sakataren reshe kafin fitowa ta gaba, tare da bayanin yadda ya bi.